Gyara Ko Tozartawa: Darasi Daga Rigimar Masu Nutso a Zurfin Ruwa

A gaɓar Bahar Maliya, 'yan kilomitoci arewa da garin Dahab da ke yankin Sinai na ƙasar Masar, akwai wani rami a cikin teku da ake kira Blue Hole, wanda zurfinsa ya haura mita 100. A jikin duwatsun da ke bakinsa an kakkafa alluna ɗauke da sunayen mutanen da suka nutsa cikinsa ba su fito da rai ba. Abin da ke jan mutane zuwa wurin shi ne wata ƙofa a jikin dutse, a zurfin kimanin mita 55, wadda ke ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku. Daga sama takan yi kamar tana kusa, amma ta ci rayuka da dama.

A ranar 28 ga Afrilu, 2000, wani matashi ɗan shekara 22 mai suna Yuri Lipski, wanda shi kansa malamin koyar da nutso ne, ya shiga wannan rami da tukunyar iska guda ɗaya a bayansa da kyamara a tare da shi. Ya kasa tsayar da saukarsa har ya dangana da ƙasa a zurfin mita 115. Gwanin nutso ɗan ƙasar Masar, Tarek Omar, shi ya sauka ya ɗauko gawar, aka tarar kyamarar ta ɗauki komai. Omar ya shaida wa manema labarai daga baya cewa ya ba matashin shawarar ya yi horo na mako biyu kafin ya gwada, amma matashin ya ce ba shi da wannan lokacin.

Fiye da shekara 20 ke nan wannan bidiyo yana yawo a intanet, kuma har yau masu kallonsa sun rabu gida biyu. Wasu suna kallo don su gane mataki nawa ne tsakanin ƙaramin kuskure da halaka. Wasu kuwa suna kallo don su kira mamacin wawa. Wannan rabuwa ita ce babbar muhawarar da ta daɗe tana cin al'ummar masu nutso mai zurfi, kuma takan sake tashi duk lokacin da aka rasa ɗaya daga cikinsu: a sana'ar da kuskure ke kisa, shin kaushin harshe kariya ne ga rayuka, ko kuwa shi ma yana cikin abubuwan da ke kisa? Mun ga ya dace mu dubi wannan tambaya, domin amsar da tarihinsu ya bayar ta shafi duk mai gyara wa wani.

Sana'ar da ba ta yafe kuskure

Kafin mu yi wa kowa hukunci, ya kamata mu fahimci abin da ke sa zukatan waɗannan mutane zafi. Masu nutso don shaƙatawa suna da iyaka, mita 40, kuma idan matsala ta taso suna iya hawowa sama cikin 'yan mintuna. Waɗanda muke magana a kansu su ne masu ƙetare wannan iyaka, ko masu kutsawa cikin kogon da ruwa ya cika, ko cikin jiragen ruwan da suka nutse, inda babu hanyar tsira kai tsaye zuwa sama.

Kowace mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kan jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 40 ya ninka sau 5. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, kashi 21 oksijin, kuma dukkansu suna juyewa su zama abokan gaba a cikin zurfi. Daga wajen mita 30 naitirojin yakan fara gusar da hankali kamar maye, har mutum ya kasa lissafi mai sauƙi. Bayan kimanin mita 66, oksijin ɗin da ke cikin iska ta yau da kullum yakan kai matakin da zai iya jawo farfaɗiya, wadda a cikin ruwa ma'anarta mutuwa. Don haka suke gauraya iskarsu da hiliyom, suna ɗaukar tukwane dabam-dabam, kowace da zurfin da ake shaƙarta. Wanda ya kai bakinsa ga tukunyar da ba ta dace da zurfin da yake ba, yana iya rasa ransa nan take.

Hawowa ma tana da nata sharaɗi. Iskar da ta narke cikin jini da tsoka a ƙarƙashin matsi, idan aka hawo da sauri takan fito ta zama kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an girgiza shi an buɗe. Kumfar nan kan toshe jijiyoyi, ta jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Dole mai nutso ya riƙa yada zango a matakai, yana jiran jikinsa ya saki iskar a hankali. Lokacin da Ahmed Gabr, tsohon hafsan sojan Masar, ya kafa tarihin nutso mafi zurfi da tukwanen iska a Dahab cikin watan Satumba na 2014, inda ya kai mita 332.35, saukarsa ba ta kai minti 15 ba, amma hawowarsa ta ɗauki fiye da sa'o'i 13.

Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa tsofaffin hannu a harkar ba su da haƙuri da sakaci. Da yawansu sun ɗauko gawarwakin abokansu da hannunsu. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne, kuma wanda ya taɓa ganin abin da rijiyar ta yi ba zai yi magana da sanyin wanda bai gani ba.

Gado biyu daga Florida

A jihar Florida ta Amurka, inda ƙasa ke cike da maɓuɓɓugai da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, mutane sun yi ta mutuwa a cikin kogon ruwa a shekarun 1960 da 1970, har aka fara maganar hana shiga gaba ɗaya. A nan ne Sheck Exley, gwanin nutso wanda daga baya ya zama malamin lissafi a makarantar sakandare, ya zauna ya bi labaran waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yana neman abin da ke maimaita kansa. A 1979 ya fitar da ɗan ƙaramin littafi kan tsira a nutson kogo, inda yakan kawo labarin hatsari, sannan ya warware yadda aka yi ya faru, sannan ya fitar da ƙa'ida.

Daga wannan aiki ne aka samu dokokin da ake koyarwa har yau: kada ka shiga kogo ba tare da horo ba, ka shimfiɗa igiya marar yankewa daga bakin kogo zuwa inda kake, ka yi amfani da kashi ɗaya cikin uku na iskarka wajen shiga, ka bar kashi biyu don fitowa da taimakon abokin tafiya, kada ka wuce zurfin da iskarka ta dace da shi, ka riƙe fitila uku. Kowace ƙa'ida a nan an saye ta ne da rayukan mutane. Exley ya ɗauki mamatan a matsayin malamai, kuma abin da ya tambaya shi ne me ya faru, ta yaya za a hana shi sake faruwa. Shi kansa ya rasu a ranar 6 ga Afrilu, 1994, a ramin Zacatón na ƙasar Meziko, yana ƙoƙarin kai wa zurfin mita 300. Wannan ya nuna wa kowa cewa ruwa ba ya tambayar mutum shaharar sunansa.

Gado na biyu ya fito daga wata ƙungiyar masu binciken hanyoyin ruwa na arewacin Florida da ake kira WKPP. A 1991 jagoranta, Parker Turner, ya rasu a Indian Springs lokacin da wani ɓangare na kogon ya zaftare ya toshe hanya. Daga baya ragama ta koma hannun George Irvine, wanda ya tsaurara doka ƙwarai. Tsarin da suka bi ya samu suna DIR, taƙaitaccen lafazin Turanci mai nufin yin abu yadda ya dace. Kowane ɗan ƙungiya zai ɗaura kayansa iri ɗaya da na ɗan'uwansa, ta yadda ko a cikin duhu ya san inda kowane abu yake a jikin abokinsa. Ba a nutso mai zurfi da iska ta yau da kullum, ba a nutso a kaɗaice, kuma ana buƙatar lafiyar jiki.

Tsarin ya yi aiki, babu mai musun wannan. A watan Disamba na 2007 mutum biyu daga ƙungiyar, Jarrod Jablonski da Casey McKinlay, suka ratsa ƙarƙashin ƙasa daga Turner Sink zuwa maɓuɓɓugar Wakulla, tazarar kimanin kilomita 11, suka shafe fiye da sa'o'i 20 a cikin ruwa, suka fito lafiya. Amma tare da tsarin sai wani harshe ya yaɗu. Irvine ya shahara da zafafan kalamai a kan waɗanda suka saɓa masa, kuma ya yayata laƙabin "stroke" ga duk mai nutson da ake ganin halinsa haɗari ne, tare da dokar farko ta tsarin, wadda ta hana nutso da irin wannan mutum. Sunan tsarin kansa ya ɗauki zargi a cikinsa, domin idan mu ne masu yin daidai, to sauran mutane me suke yi?

Daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da intanet ta haɗa masu nutso na ƙasashe dabam-dabam, wannan salo ya samu 'yan koyi. Matasan da ba su taɓa shiga kogo ba suka haddace zagin kafin su haddace ilimin. Akan ci mutuncin mutum saboda inda ya rataya fitilarsa. Akan yanke wa mamaci hukunci kafin a binne shi, alhali iyalinsa suna karantawa. Ƙungiyar horarwa ta GUE, wadda Jablonski ya kafa a 1998 a kan wannan tsari, daga baya ta cire lafazin DIR daga sunan kwas ɗinta na farko, ta ci gaba da koyar da ƙa'idojin. Ilimin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da laƙabin da ya jawo gaba ba.

Hujjar masu kaushi, da inda ta gaza

Adalci ne mu saurari hujjar masu kaushin harshe. Sukan ce gara ran mutum ya ɓaci a tudu da a ɗauko gawarsa a ruwa. Sukan ce lallashi yana sa jahili ya ɗauka ra'ayinsa da na gwani daidai suke, kuma wanda ba zai iya jure baƙar magana ba, ba zai iya jure duhun kogo ba. A cikin wannan akwai gaskiya. Akwai kurakuran da ba a sassauci a kansu, kuma malamin da ya ba ɗalibi takardar shaida don gudun ɓacin ransa ya ci amanarsa.

Sai dai hujjar ta ginu ne a kan zaton cewa wanda aka tozarta zai gyara. Abin da ya fi faruwa shi ne ya yi shiru, shi da duk waɗanda suka ga abin da aka yi masa. A kowace sana'a mai haɗari, kafin hatsari ɗaya ya kashe wani, an sha tsallake rijiya da baya a kan wannan kuskuren. Wani ya manta bai buɗe tukunyar oksijin ba, amma abokinsa ya lura. Wani ya ɗauki tukunyar da ba tasa ba, amma ya duba kafin ya shaƙa. Waɗannan labarai su ne darasi mafi arha, domin babu wanda ya mutu kafin a same su. A wurin da ba da irin wannan labari ke jawo wa mutum laƙabin wawa, babu mai bayarwa. Sai al'umma ta koma koyo daga gawa kaɗai, ita kuwa gawa ba ta iya bayyana abin da ke zuciyarta lokacin da ta yanke shawara.

Matuƙan jirgin sama sun koyi wannan da tsada. A ranar 1 ga Disamba, 1974, jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 ya daki dutse a jihar Virginia yana shirin sauka kusa da birnin Washington, mutum 92 suka mutu. Bincike ya gano cewa matuƙan sun fahimci umarnin sauka ta wata fuska, masu kula da zirga-zirga kuma suna nufin wata. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, makonni 6 kafin nan wani jirgin kamfanin United ya yi irin wannan kuskure a wannan hanya, ya tsira da ƙyar. Matuƙansa sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, amma babu hanyar da labarin zai kai ga sauran kamfanoni. A 1976 aka kafa tsarin karɓar rahoto a asirce a ƙarƙashin hukumar NASA, inda matuƙi zai faɗi kuskurensa, a cire sunansa, a yaɗa darasin, kuma a sassauta masa hukunci idan ba da gangan ya yi ba. Tsarin yana aiki har yau.

A asibitoci ma an ga haka. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazari a kan kurakuran ba da magani, wanda aka buga a 1996, ta tarar cewa sassan da ke da shugabanci mai kyau da fahimtar juna su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da ta zurfafa bincike sai ta ga cewa ma'aikatan waɗannan sassa sun fi sakin jiki su faɗi kuskure, yayin da waɗanda ke ƙarƙashin shugaba mai tsawa suke ɓoyewa. Takarda mai tsabta wani lokaci alamar tsoro ce.

Akwai kuma wani ruɗi da ke kama mai sharhi bayan aukuwar abu. Wanda ya san ƙarshen labari yakan ga kowane mataki a fili, ya yi mamakin yadda mamacin bai gani ba. Amma mamacin bai san yana cikin labarin mutuwarsa ba. Yana cikin sanyi da duhu, hankalinsa ya yi nauyi, kuma wataƙila ya sha yin wannan gajeriyar dabarar ba abin da ya same shi. Kiran sa wawa yana kwantar wa mai kiran hankali, domin yana nufin shi ba zai taɓa faɗawa ba tunda shi ba wawa ba ne. A nan haɗarin yake. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mai zagi yana tsaye yana aibata gemun da ya ƙone, nasa kuwa a bushe.

Abin da bincike cikin natsuwa ya haifar

A watan Oktoba na 2004, Dave Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Ostireliya, ya sauka mita 270 a ramin Boesmansgat na Afirka ta Kudu, ya ci karo da gawar Deon Dreyer, matashin da ya ɓace a wurin tun 1994. Ya yi wa iyayen alkawarin ɗauko ta. A ranar 8 ga Janairu, 2005, ya koma da tawaga da shiri mai tsawo. A ƙasa abubuwa suka saɓa wa shiri: gawar ta taso tana yawo maimakon ta tsaya wuri ɗaya, igiya ta harɗe, aikin ya yi nauyi. Shaw bai hawo da rai ba. Bayan 'yan kwanaki, da ake janye igiyoyi, gawarwakin biyu suka taso tare.

Shi ma yana ɗauke da kyamara. Likitoci masana lafiyar nutso, ciki har da Simon Mitchell da Frans Cronjé, suka zauna da bidiyon suna sauraren numfashinsa, suka fitar da nazari a 2007. Sun nuna cewa a wannan zurfi iskar ta yi kauri har huhu ya kasa fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke samarwa lokacin aiki, ta taru a jininsa har ya suma. Wannan fahimta, tare da binciken da ya biyo baya, ta kai ga shawarar da masu nutso ke amfani da ita a yau, cewa kaurin iskar da ake shaƙa ya fi kyau kada ya wuce giram 5.2 a kowace lita, kuma kada ya haura 6.2 ko ta halin ƙaƙa. Da an tsaya a kan cewa Shaw ya yi ganganci, da babu wanda ya samu wannan adadi.

A watan Mayu na 2018 wani jami'in sojan ruwan Amurka ya rasu a Hawaii yayin kwas na koyon na'urar da ke sabunta numfashi, wadda ke tace iskar da mutum ya fitar ta ƙara mata oksijin. Ya shiga ruwa tukunyar oksijin ɗinsa a rufe, ya suma, ya nutse. Mai gaggawar hukunci zai ce ya manta, shi ke nan. Gareth Lock, tsohon hafsan sojan saman Birtaniya wanda ya dawo da ilimin kiyaye haɗarin jiragen sama cikin harkar nutso, ya bi wata hanyar. Tare da matar marigayin da abokan nutsonsa suka shirya fim na gaskiya da ya fito a 2020, inda waɗanda ke wurin suka faɗi abin da suka gani da abin da ya hana su magana: matsin lokaci, sauye-sauyen shiri, da nauyin baki tsakanin ɗalibi da malami. Sun iya faɗar wannan ne domin an zo da niyyar fahimta.

Ko a aikin ceton yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a watan Yuli na 2018, wanda duniya ta yaba, an yi kuskure. A rana ta ƙarshe ɗaya daga cikin gwanayen Birtaniya, Chris Jewell, ya rasa igiyar jagora a cikin ruwan da ba a ganin komai, yana riƙe da yaro. Ya yi ta lalube har ya kama wata wayar lantarki, ya bi ta ya fito wani sashe na kogon da ya riga ya wuce, kuma yaron ya tsira. Jewell ya ba da wannan labari da bakinsa a bainar jama'a, darajarsa ba ta ragu ba, kuma duk mai koyo ya ji cewa gwani ma yana rasa igiya.

Shiru ma yana kisa

Kada a fahimce mu cewa maganin kaushi shi ne rufe baki. A ranar 18 ga Yuni, 2023, ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya murƙushe a hanyarsa ta zuwa ɓaraguzan jirgin Titanic, mutum 5 suka mutu, ciki har da shugaban kamfanin, Stockton Rush. Tun a farkon 2018 daraktan ayyukan ruwa na kamfanin, David Lochridge, ya rubuta rahoto yana gargaɗi a kan lafiyar jikin jirgin. Aka kore shi, aka kuma kai shi kotu. Rahoton binciken rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka da ya fito a watan Agusta na 2025 ya ce hatsarin abin da ake iya kaucewa ne, kuma ya ambaci yadda ake amfani da kora da barazanar kora wajen hana ma'aikata faɗin damuwarsu.

Wannan ba nutso da tukunyar iska ba ne, amma cutar ɗaya ce. Inda ake zagin mai kuskure, mai kuskure yakan yi shiru. Inda ake korar mai gargaɗi, mai gargaɗi yakan yi shiru. A duka biyun labarin da zai ceci rai ya kasa fita daga bakin wanda ya san shi. Abin da ake nema shi ne wurin da gaskiya mai ɗaci ke iya tafiya ta kowace fuska, daga malami zuwa ɗalibi, daga ɗalibi zuwa malami, ba tare da mai faɗinta ko wanda aka faɗa wa ya rasa mutuncinsa ba.

A bayyana kuskure, a suturta mai shi

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga ɗaliban ilimi. Malam Ibn Rajab Alhanbali, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi a kan bambancin nasiha da aibatawa. Ya bayyana cewa ambaton kuskuren wani don kare jama'a abu ne da malamai suka halatta, kamar yadda malaman hadisi suka yi wajen tantance maruwaita, amma idan manufar ita ce kunyata mutum da zubar da ƙimarsa, to hukuncin ya sauya ko da maganar gaskiya ce. Masu jiragen sama da masu nutso sun iso kusa da wannan ma'auni ta hanyar ƙirga gawarwaki. Rahoton hatsarori da ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, BSAC, ke fitarwa kowace shekara yana zayyana abin da ya faru dalla-dalla ba tare da sunan kowa ba. Kuskuren yana fili don kowa ya koya, mai shi kuma yana cikin sutura.

Ma'aunin da za mu iya ɗauka daga tarihin nan mai sauƙi ne. Bayan mun gyara wa mutum, shin gobe idan ya sake kuskure zai zo ya faɗa mana, ko zai ɓoye? Idan zai ɓoye, to mun yi nasarar huce haushinmu, amma mun toshe hanyar da labari ke zuwa mana. Uba da ɗansa, malami da almajirinsa, babban likita da ƙaramin ma'aikaci, duk suna ƙarƙashin wannan ma'auni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yadda aka faɗe shi ne ke sa mai kaya ya gyara ko ya ƙara ɗaurewa.

Dokokin Exley guda biyar suna nan ana koyar da su a duk inda ake nutson kogo, kuma yawancin ƙa'idojin WKPP sun shiga cikin koyarwar makarantu da dama, har da waɗanda aka taɓa zagi a kansu. Ilimin ya rayu saboda daidai yake, zagin kuwa bai ƙara masa komai ba face shekarun gaba da mutanen da suka juya baya tun kafin su saurara. A bakin ramin Dahab har yanzu ana ƙara sababbin alluna, kuma bayan kowane allo akwai waɗanda suka san wani abu game da ranar, suna auna ko faɗinsa zai jawo musu fahimta ko tozarci. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya da harshen da za a iya saurare.